Wa Ke Zaune Kusa Da Kai A Aji?

A 1966, wani masanin zamantakewa a Amurka, James Coleman, ya jagoranci bincike kan ɗalibai sama da 600,000. An yi zaton gine-gine da kayan aiki ne ke sa wata makaranta ta fi wata. Sai ga shi gidan da yaro ya fito ya fi su nauyi, daga nan sai irin gidajen da abokan ajinsa suka fito. Kuma ɗan talaka ne abin ya fi shafa.

To, ta yaya? Ai ba shafar arziki ake yi kamar turare ba. Ni a ganina sani ne ke yawo. Ku duba ajinmu. Wanda yayansa injiniya ne, tun ND 1 ya san inda ake neman gurbin SIWES da yadda ake rubuta takardar. Ya san kafin HND akwai shekara guda ta sanin makamar aiki, har ya tanadi wuri. A kwamfutarsa akwai AutoCAD, data ba ta yanke masa. Shi kuwa wanda a gidansu shi ne farkon shiga babbar makaranta, wallahi sau da yawa ya fi shi kai, amma sai lokaci ya ƙure yake jin labari. Ga shi wataƙila daga lakca sai shago ko jan Keke Napep.

Sai dai zama aji ɗaya kaɗai ba ya wadatarwa. A 2022 Raj Chetty na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun duba abotar Amurkawa sama da miliyan 70 a Facebook. Yaran talakawa da suka taso inda masu shi da marasa shi ke abota sun fi samun kuɗin shiga da suka girma. Amma kusan rabin ratar da ke tsakanin ɓangarorin biyu, ko an haɗu wuri ɗaya, kowa nasa yake nema.

Haka muke yi. Malam ya ce a kasu rukuni-rukuni, kafin ka ƙifta ido masu kwamfuta sun haɗe, sauran su tattara a baya, wani kunya ma ta hana shi tambaya. Shi ya sa nake roƙon wakilan aji: a zangon nan, a riƙa raba rukunin aiki da lambar rajista ko da ƙuri'a.