Kafin ka ce batir ya mutu

Ɗana, na ji akori-kurarka jiya da asuba tana nishi kafin ta tashi, na kuma ji ka ce gobe za ka shiga Funtua sayen sabon batir. Dakata tukuna. Kuɗin masarar nan da gumi aka same shi.

Motar da ta yi damina a ajiye gindin darbejiya ba abin mamaki ba ne ta yi nawa, don batir yana zubar da caji ko ba a taɓa shi ba. Kuma mutane suna ɗora wa hunturu laifi a banza. Zafin bazara ne yake ƙafar da ruwan batir ya cinye shi. Sanyin Disamba da Janairu asiri kawai yake tonawa, lokacin da baƙin mai ya yi kauri.

Fara buɗe bonet ka dubi kawunan batir. In ka ga farin gari ko kore ya taru, ko kan yana juyawa a hannunka, to wuta ba ta wucewa sosai. Cire na nagetif tukuna, ka wanke da ruwan zafi, ka kankare, ka ɗaure tamau. Bi wayar da ta haɗa batir da jikin mota ma, gargadar hanyoyin gona tana kwance ta. Ni kaina na taɓa sayen batir alhali noti ɗaya ne ya saki, har yau abin yana yi mini ciwo.

In motar ba ta canza ba, kai ta wurin mai wayarin, amma ka tsaya ya ɗora mita kana gani. Cikakken batir yana nuna 12.6 in inji na kashe. Ana murɗa makulli, kada ya faɗi ƙasa da 9.6. In inji ya tashi, ya kamata ka ga wajen 14. In bai kai 13 ba, caji ne babu, sai a duba altaneta da bel ɗinta. Sabon batir ma a haka kwana kaɗan zai yi. In duk waɗannan lafiya, saura kik.

Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10, kik yana ƙonewa. Kuma kafin a gyara, in ka yi lodi zuwa Malumfashi, kada ka kashe ta a Bakori sai inda akwai gangara. Mota da buhu ashirin a bayanta, ba kowa zai yarda ya tura maka ba.