Ina Ungulu Ta Tafi?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, mu tambayi dattawanmu. A da, duk wanda ya je mahautar Birnin Ƙonni ko kasuwar dabbobi ta Badagishiri, zai tarar da ungulaye jere a kan katanga, suna jiran mahauta su gama fiɗa. Yau sai mutum ya yi tafiya daga Malbaza har Illela bai ga ko ɗaya tana shawagi ba. A shekarar 2015 masana suka sa ungulun gari da mikiya cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Mun saba raina ta, muna ce mata ƙazama. Amma Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza. Idan jaki ya mutu a bayan gari, ita ce mai share wurin kafin wari ya tashi. Cikinta yana da ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cuta masu yawa. Inda babu ita, mushe yakan daɗe yana ruɓa, ƙudaje da karnuka su taru a kansa.

Haka ya faru a Indiya. Tun daga shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka riƙa mutuwa, har fiye da kashi 90 cikin 100 suka ƙare. Daga baya aka gano dalili: wani maganin ciwon jiki ne da ake yi wa shanu, mai suna diclofenac. Ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa maganin, sai ƙodarta ta lalace. Karnuka marasa gida suka yawaita, tare da haɗarin haukan kare. An hana ba dabbobi maganin a shekarar 2006.

A wannan shekarar ce mutanen ƙauyen Pithauli, a ƙasar Nepal maƙwabciyar Indiya, suka buɗe wa ungulu wurin cin abinci. Can ba a yanka shanu. Sai su karɓi tsofaffin shanu, su yi ta kiwonsu ba tare da wancan magani ba. In saniya ta mutu, a feɗe ta, a ajiye a fili. Baƙi suna zama cikin wata rumfa daga nesa suna kallo. Da fari ɗaya ce za ta sauka, tana ɗari-ɗari. Can sai ka ga sama ta yi baƙi. Manya su dira suna ture juna, ƙanana su tsaya gefe suna jiran saura. Ba a daɗe ba sai ƙashi. Kuɗin da baƙi ke biya kuwa yana shiga ƙauyen.

A nan ƙasarmu guba tana cikin manyan matsaloli. Makiyayi ya ji haushin dila ko kare, ya barbaɗa guba a kan mushe. Mushe ɗaya yana iya kashe ungulaye masu ɗimbin yawa a wuni guda. Akwai kuma masu farautarsu don sayar da kai ga masu magani. Ga shi ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, don haka abin da aka kashe ba ya saurin dawowa.

Kada mu sa guba a mushe. Kada mu sare dogon icen da ke da sheƙarta. Amma mu lura: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini yana fita ta hanci ko ta dubura, mai yiwuwa ciwon saifa ne. Wannan ba a feɗe ta, ba a bar ta a fili. A kira likitan dabbobi, a bizne ta cikin rami mai zurfi, nesa da rijiya.