Darasi na 14: Walda ko Noti? Ɗaura wa A-kori-kura Ƙugiya a Jarwal

Gabatarwa

Wannan darasi ya shafi wani ƙaramin aiki mai babban haɗari, wato ɗaura wa mota a-kori-kura ƙugiyar jan tirela. An zaɓi unguwar Jarwal ta birnin Makka ne saboda ta daɗe da sanin Hausawa, ta kuma daɗe da sanin sufuri. A cikinsa ɗalibi zai haɗu da kalmomin gareji da na maƙera, zai kuma ga yadda Hausa ke ƙirƙiro sunayen kayan aiki.

Daga raƙumi zuwa mota

Jarwal tana arewa maso yamma da Masallacin Harami, tafiya kaɗan a ƙafa. A nan ne tsohuwar rijiyar nan ta Zi Ɗuwa take. Kafin zuwan mota, unguwar ce bakin gari ta wajen hanyar Jidda, inda ayarin raƙuma ke sauka da tashi. Tafiyar ta fi kilomita 70, raƙumi kuwa yakan yi ta cikin kwana biyu. A jere raƙuman ke tafiya, akalar kowanne tana ɗaure a jikin na gabansa, don haka madugu ba ya tashi sai ya duba igiyoyinsa.

Shekaru aru-aru Hausawa suna zuwa Makka a ƙasa, su bi ta Cadi da Sudan, su ƙetare Bahar Maliya. Yawansu ya ƙaru bayan 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi, jama'a da yawa suka ci gaba da hijira gabas. Wasu sun zauna a Jarwal, wasu a Misfala da Hindawiyya. Har yau akwai iyalai a Saudiyya masu amsa sunan Hausawi.

Daga shekarun 1920 mota ta fara karɓe aikin raƙumi. A yau manyan masaukan alhazai sun cika Jarwal, garejoji da wuraren walda kuwa galibinsu suna unguwannin masana'antu, waɗanda Larabawa ke kira sina'iyya. Ƙaramar motar ɗaukar kaya, wadda Bahaushe ya raɗa wa a-kori-kura, mutanen Saudiyya suna ce mata wanit. Datsun ta yi suna a cikinsu, haka ma Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968. Idan kaya suka fi ƙarfin bayanta, sai a ɗaura mata ƙaramar tirela: tankin ruwa, ko janareta, ko tumaki. Raƙumi ya tafi, amma tambayar madugu tana nan: me ya haɗa na gaba da na baya, kuma zai riƙe?

Inda nauyi ke sauka

A-kori-kura tana zaune ne a kan dogayen ƙarafa biyu da wasu gajeru suka haɗa, tamkar tsani a kwance. Wannan shi ne ƙashin mota, wanda makanikai ke kira casis. A jikinsa ake ɗaura ƙugiya, ba a jikin bamba ba, domin bamba ba a yi ta don jan kaya masu nauyi ba.

Ƙugiya tana fama da wahala iri uku. Idan mota ta tashi, tirela ta ja ta baya. Idan aka taka birki, tirela ta ture ta gaba. Sannan a kullum goshin tirela yana danne ta ƙasa da kimanin kashi 10 cikin ɗari na nauyinta. Makka kuwa gari ne na duwatsu, hawa da gangara sun yi yawa. Tirelar da ta kwance a kan gangara ba ta da direba, ba ta da birki, sai abin da ta tarar.

Hanyoyi biyu

Hanya ta farko ita ce ɗauri da noti. Kamfanonin ƙera motoci sukan bar ramuka a jikin casis musamman don wannan aiki. Sai a goge tsatsa, a daidaita ƙugiya da ramukan, a zura ƙusoshi masu zare, a ɗaure. Ba kowane noti ne ya dace ba. A kan nagari akan ga lamba 8.8 ko 10.9, lambar da ke nuna ƙarfin ƙarfen. Mai 8.8 yana jure jan kimanin kilo 80 a kan kowane murabba'in milimita kafin ya tsinke. Ana ɗaurewa da sifana mai ma'auni, domin sako-sako yana kwancewa, ɗaurin da ya wuce kima kuma yana kashe zare. Bayan tafiyar farko a sake dubawa.

Hanya ta biyu ita ce walda. Tana da sauri, tana da araha, kuma a ido ta fi kama da ƙarfi. Sai dai ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,500, wannan zafi kuwa ba ya tsayawa inda aka liƙa. Yana sauya halin ƙarfen da ke gefe, ya bar shi da rauni. Shi ya sa tsaga takan fara ne daga gefen walda, inda fenti da ƙura suka rufe. Kullum mota tana girgiza, tsagar tana tsawo, ba wanda ya sani. Idan walda ta zama dole, gwani yakan cire batir, ya kare tankin mai da wayoyin wuta, ya bi tsawon ƙarfen da waldarsa, ba ya gitta shi.

Akwai hanyar da ta haɗa biyun, ita ce kuma kamfanoni ke bi. Ita ƙugiyar kanta da walda ake haɗa ta, a ƙasa, da ƙarfe mai kauri. In ta huce, sai a ɗaura ta a jikin mota da noti. Ta haka wuta ba ta taɓa casis ba, abin da ya lalace kuma ana iya kwance shi a sauya.

Ko aiki ya yi kyau, saura abu uku. Dole dunƙulen ƙugiya ya yi daidai da bakin tirela: na Turai milimita 50 ne, wanda aka fi sani a Amurka inci 2, sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Dole a sa sarƙoƙi biyu a gicciye a ƙarƙashin goshin tirela, domin su tare shi idan ya kuɓuce. Sannan a haɗa fitilun baya. Tirelar da ba ta da birkin kanta, ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada ta wuce kilo 750.

Hira a gareji

Ga misalin yadda ciniki kan kasance tsakanin mai mota da dattijon mai walda:

Mai mota: Salamu alaikum. Baba, sannu da aiki.
Mai walda: Wa alaikumus salam. Sannu kadai, Alhaji. Lafiya?
Mai mota: Lafiya lau. Ƙugiya nake so a liƙa mini yanzu-yanzu, gobe da asuba zan ja tankin ruwa.
Mai walda: Tankin lita nawa ne?
Mai mota: Dubu ɗaya.
Mai walda: To, ruwan kaɗai tan guda ke nan, ban da tirela. Tana da birki?
Mai mota: Haba Baba, ai kusa ne.
Mai walda: Alhaji, gangara ba ta san kusa ba. A sa mata birki, ni kuma in ɗaura da noti. Jibi ka zo.
Mai mota: Kuɗin zai yi yawa.
Mai walda: Araha ba ta ado. Wanda ke bayanka a hanya bai zo wannan ciniki ba, amma da ransa muke yi.
Mai mota: Gaskiyarka, Baba. Allah ya kai mu jibin.

Kammalawa

Bambancin noti da walda ba na ƙarfi kaɗai ba ne. Noti yana nuna laifinsa, walda tana ɓoye nata, abin da ake iya dubawa kuwa shi ake iya gyarawa. Mai mota ba zai shiga ƙarƙashinta ya ga abin da aka yi masa ba, don haka aikin amana ne a hannun mai sana'a. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.

Sababbin kalmomi

akala: igiyar da ake jan raƙumi da ita
madugu: shugaban ayari
ƙugiya: lanƙwasasshen ƙarfe da ake rataya abu ko a ja shi
walda: liƙe ƙarafa ta hanyar narka su da wuta
tsatsa: jan dattin da ke cin ƙarfe
sako-sako: abin da bai ɗauru sosai ba
gitta: ratsa abu ta faɗinsa

Nahawu

1. Ɗafa-goshin ma- yana samar da sunan mai aiki, da na wuri, da na kayan aiki. Daga ƙera ana samun maƙeri (mai aikin) da maƙera (wurin aikin). Daga ɗaura ana samun maɗauri, daga rataya kuma maratayi.

2. A lura da sauyin ma'ana a ƙarshen aikatau: Ya ɗaura ƙugiya a mota. Ya ɗaure noti. Noti ya ɗauru. Siga ta ƙarshe tana nuna cewa aikin ya yiwu sosai. A kwatanta da liƙa, liƙe, liƙu.

Tambayoyi

1. Wane aiki Jarwal ta yi wa matafiya kafin zuwan mota?
2. Me ya sa ba a ɗaura ƙugiya a jikin bamba?
3. Daga ina tsaga takan fara bayan walda, kuma don me?
4. Me mai walda ke nufi da "gangara ba ta san kusa ba"?
5. A rubuta jimloli uku da gyara, gyare, gyaru.