DARASI: IN ODAR MOTA TA YI SHIRU

Ranar kasuwa, hanya ba ta mota kaɗai ba ce. Ga amalanke, ga jakuna, ga garken awaki, ga yara suna ƙetarawa da gudu. Direban da ya taso daga Maradi za shi Dakoro, ko daga Damagaram za shi Magarya, shina ratsa garuruwa da yawa kahin ya isa. Birki shi ke tsaida mota. Amma oda, wadda wasu ke ce ma ham, ita ke gaya ma mutane mota na tahe tun tana nesa. Motar da ba ta da oda bebiya ce, sai ta iso a gan ta.

Darasin yau ya shahi tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake ce ma bashe ko a-kori-kura. Peugeot 404 ta hito a Faransa cikin 1960. Mai ɗaukar kaya ta biyo baya cikin 1967. A Kenya anka haɗa ta ƙarshe, cikin 1991. Ke nan duk 404 da ta rage bisa hanya ta wuce shekara 30. Wayoyinta sun tsuhwa, kuma kayan gyaranta sun yi wuya. Shi ya sa ya kamata mai ita ya san ciwonta da kansa. Abin da za a faɗi nan ya hau kan tsohuwar 504 da tsohuwar Toyota Hilux.

1. Yaya oda ke kuka?

Cikin oda akwai nannaɗaɗɗiyar waya da wani faifan ƙarhe maras kauri. In wuta ta shiga wayar, sai ta zama maganaɗisu, ta jawo faifan. Da faifan ya matso, sai wasu ƴan ƙarahuna biyu da ke haɗe su rabu, wutar ta yanke. Faifan ya koma wurinsa, su sake haɗewa, wutar ta dawo. Haka ake yi sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Rawar faifan ita ce kukan da kunne ke ji.

2. Hanyar wuta

Wutar mota kamar ruwan lambu take. Ruwa na tasowa daga rijiya, ya bi lambatu, ya kai fangali. In lambatu ya toshe wuri guda, shuka ba ta sha, ko da rijiya cike take.

Rijiyar mota ita ce batir. Ƙarhinsa bolt 12 ne. Shina da kai biyu: mai alamar + da mai alamar –. Wuta na hita daga +, ta bi ta fizibil, wanda wasu ke ce ma fis. Ta bi waya ta kai oda. Madannin da direba ke taɓawa shi ne ƙohwar da ke buɗe hanya. Wasu motoci suna da wani ɗan akwati tsakani, sunansa rele.

Ga inda wuta ta bambanta da ruwa: dole ta koma inda ta hito. Ƙarhen jikin mota shi ne hanyarta ta komawa ga batir. Makanikai na kiran wannan mas. In mas ya yi tsatsa, wuta ba ta gudu, ko da sauran wayoyin lahiya lau suke.

Saboda haka, oda ta yi shiru ba ya nuhin oda ta mutu. Sau da yawa hanya ce ta toshe.

3. Kahin a taɓa komi

A tsaida mota wuri mai daidai. A kashe inji, a ja birkin hannu, a sa dutse ga taya. Kada a sha taba kusa da batir, don iskar da ke hita daga cikinsa tana kama wuta. A tuɓe zobe da agogo.

Kayan aikin ba su da yawa: waya biyu masu tsawo, takarda mai yashi ta goge tsatsa, abin kwance noti, da ƙwan hitilar birki mai wat 21 wanda anka ɗaura ma waya biyu. Wannan ƙwan shi ne ɗan leƙen asiri. Inda wuta take, sai ya kama.

4. Bincike daki-daki

Doka guda ce: a fara da mai arha, a ƙare da mai tsada.

Na ɗaya, a saurara. Karen mota ya danna, direba ya kasa kunne gaban mota. In oda ta yi ɗan gurnani ko ta ce ƙas, wuta na zuwa amma ba ta isa ba, ko kuwa cikin odar ya cije. In babu motsi ko kaɗan, wataƙila hanya ta yanke.

Na biyu, batir. A kunna manyan hitilu. In sun yi ja-ja kamar garwashi, batir ya yi sanyi. A dubi kawunansa. In sun yi farin gari, a kwance su, a goge, a ɗaure tamau. Wajen kwancewa a fara da –. Wajen maidawa a ƙare da shi.

Na uku, fizibil. Wata ƴar siririyar waya ce da anka yi don ta ƙone in wuta ta yi yawa, sauran wayoyi su tsira. In ta tsinke, a sa sabuwa mai lamba daidai da tsohuwar. Wasu na naɗa wayar tagulla ko takardar kwalin sigari a madadinta. Wannan ganganci ne, shi ke sa mota ta kama wuta. In sabuwar ta sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarhe. Sai an gano ta.

Na huɗu, bakin wayoyi. Oda gaban mota take, inda ƙurar hunturu da ruwan damana ke bugu. Hanya mai gargada kuma tana kwance noti. A zare wayoyin, a goge bakinsu har su yi haske, a maida. A kwance notin da ya riƙe oda, a kankare tsatsar wurin, a ɗaure. Nan aka hi kama ɓarawon.

Na biyar, a gwada odar ita kaɗai. A cire wayoyin mota daga jikinta. In baki biyu gare ta, a jawo waya daga + zuwa ɗaya, daga – zuwa ɗayan. In baki guda gare ta, + ya tahi ga bakin, – ya taɓa jikinta. Taɓawa ɗaya ta isa. In ta yi kuka, lahiyarta ƙalau, kada a sai sabuwa.

Na shida, in odar na da rai, a bi hanya. A sa ƙwan gwaji a wurin odar, a danna madanni. In bai kama ba, a koma baya gaɓa-gaɓa har inda wuta ta tsaya. Motar da ke da rele, a ɗora yatsa bisansa. Mai rai shina motsi, shina cewa ƙas. In ya yi ƙas amma wuta ba ta wuce ba, a sake shi. In bai motsa ba, a dubi madanni. Ga tsohin motoci da yawa, aikin madanni shi ne haɗa waya da mas. Datti da tsatsa na hana shi. A cire – na batir, a buɗe, a goge.

Na bakwai, in odar ta ƙi kuka ko da wutar batir kai tsaye, saura dabara guda. Bayan oda irin ta da akwai ɗan sukuru na daidaita murya. A ɗan ƙwanƙwasa jikinta, a murɗa sukurun kaɗan, a gwada. In bai yi ba, a murɗa ta ɗaya wajen. In duk ta ƙi, to yanzu ne za a nemi wata mai bolt 12.

5. In oda ta ƙi yin shiru

Wani lokaci akasin haka ke faruwa: oda ta kama kuka ba mai taɓa ta. Madanni ne ya maƙale, ko rele, ko wayar madanni ta goge ta taɓa ƙarhe. A zare wayar odar ko fizibil nan da nan. In an bar ta, za ta ƙone, ta shanye batir.

Gargaɗi: motocin zamani suna da jakar iska cikin sitiyari, wadda ke kumbura in an yi karo. Irin wannan sitiyari ba a buɗe shi gida. Aikin gwanin makaniki ne.

6. Abin riƙewa

Fizibil ƴan daloli ne. Goge tsatsa kyauta ne. Sabuwar oda kuwa sai an taɓa jikkuna. Wanda ya bi hanyar wuta sannu-sannu ya tsare aljihunsa. Wanda ya danna oda kowace sahiya kahin ya bar tasha, ya tsare ran ɗan wani. In ta mutu tsakiyar tahiya kuma gyara ya gagara, direba ya rage gudu ƙwarai cikin kowane gari har ya kai garaji. Rigakahi ya hi magani.

Tambayoyi

1. Ta ina wuta ke komawa ga batir?
2. Don mi ba a sa wayar tagulla a madadin fizibil?
3. Yaya ake gane odar kanta tana da rai?
4. Kowa ya zana hanyar wuta cikin littahinsa, ya rubuta sunan kowace gaɓa.