Kada A Ba Shuka Guda Gona Duka

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa masara da auduga ke kawo kuɗi, amma wanda ya ba su gonarsa duka ya yi kasada. Masara dai ga cin taki, ga rashin jure fari. A 1973 fari ya kashe shuka a Arewa, a 1975 kuturun gyaɗa ya cinye gyaɗa. Mai dawa da gero da wake, in wannan ya ƙi, wancan ya yi. Hatsin ma kada a tara shi rumbu guda, saboda gobara da 'yan fashin daji.

Gwamnatin Tarayya ta kafa inshorar noma a 1987. Manomi ya biya kaɗan da farkon damina, in fari ko ambaliya ta ci gonar a ba shi diyya, muddin ya kai rahoton ɓarnar da wuri.