Kafin Ka Biya Kuɗin Gida, Dubi Gindin Bango

Ya kai mai niyyar sayen gida, ka sani a cikin sana'armu ta gini babu aibin da ya fi ɓuya ga mai saye, ya kuma fi cin dukiya bayan ciniki ya faɗa, kamar ɓarnar ruwa. Domin dillali yakan kai mutum ganin gida da rani, lokacin da bango ya bushe aka lulluɓe shi da sabon fenti, alhali haƙiƙanin halin gida ba ya bayyana sai cikin Agusta, sa'ad da marka ta zauna.

Fara da gindin bango. Idan ka ga farin gari mai kama da kanwa ya feso, fenti ya kumbura yana ɓarewa, ka murza yaɓe da yatsa ya zube, to, ruma ce ke hawowa daga ƙasa, galibi saboda ba a shimfiɗa ledar tare danshi bisa harsashi ba. Ba ta cika wuce mita 1 ba, saboda haka duk ɗakin da ka ga an manna masa tayil, ko an sabunta fentinsa, daga ƙasa zuwa ƙugun mutum kaɗai, wajibi ne ka binciki dalili. Na sha fasa irin wannan yaɓe in tarar da bulo yana marmashewa a hannu, kuma wallahi abin da tausayi, don sau da yawa guminsa na shekaru mutum ya zuba.

Sa'an nan ka ɗaga kai. Tabon ruwan ƙasa a silin shaidar yoyo ce. In kuwa soro ne, dubi bakin azara da ƙarƙashin indararo, inda gara ke bin laima. Ɗakin da aka buɗe ya buge ka da warin fumfuna ya riga ya ba da shaida.

Mafi hatsari shi ne gidan da aka gina bisa kududdufin da aka cike, kamar yadda ya yawaita a birnin Kano, ko wanda daɓensa ya yi ƙasa da titi. A kan wannan, maƙwabta za ka tambaya, su suka san inda ruwa ke kwana.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun hukunta cewa ɓoye aibi algus ne, kuma mai saye na da haƙƙin ragin kuɗi ko mayar da gida gwargwadon girman aibin. Amma shari'a na cin lokaci da zumunci. Don Allah ka ɗauki magini amintacce, ku je washegarin ruwan sama, kafin ka ba da ko kafin alƙalami.