Tagwayen Faifan Kwamfuta

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan abu da ake kira faifai. A nan take ajiye komai: takardu, hotuna, lissafi, har da Windows, wato babbar manhajar da ke tayar da ita idan an kunna. In aka cire faifan, kwamfuta za ta kawo haske, amma ba ta san komai ba. In aka sa mata wani, sai ta farka da abin da ke cikinsa, kamar rediyo da ke rera duk kaset ɗin da aka sa masa.

Akwai wani mai shagon buga takardu a unguwarmu. Kwamfuta ɗaya gare shi. Da rana yana buga takardun neman aiki, da yarjejeniyar cinikin fili, da lissafin 'yan adashi. Da dare yara su karɓa, su kalli fim, su sauko da wasanni daga intanet, abokansu su zo kowa ya cusa filashinsa. Wata safiya ya kunna, ta ƙi tashi. Ga mai fili zai zo karɓar takardarsa da hantsi.

Ya kira ɗan ƙanwarsa mai gyaran kwamfuta. Yaron ya duba, ya ce, "Kawu, cuta ce ta shiga. Ai iri da hatsin tuwo ka zuba a rumbu ɗaya."

"To, wata kwamfutar zan saya? Ina kuɗin?"

"A'a, Kawu. Faifai za ka ƙara. Za mu yi maka tagwaye."

Ga yadda suka yi. Yaron ya ɗauki faifai mai tsabta ya sa masa Windows da duk manhajojin aiki, ya daidaita firinta, ya gwada komai. Sannan ya kawo faifai na biyu ya kwafe na farkon gaba ɗaya a kansa. Wannan ba irin kwafin da kake yi ba ne in ka ja takarda ka jefa a filashi. Irin wancan kwafin yana ɗaukar takardu kawai, ya bar ɓoyayyen sashen da ke tayar da kwamfuta. Kwafin tagwaye kuwa ba ya barin komai, shi ya sa faifai na biyun ma yake iya tayar da ita. Akwai manhajar kyauta mai wannan aiki, sunanta Clonezilla, a ƙasar Taiwan aka ƙirƙiro ta, kuma daga filashi ake kunna ta.

Da suka gama, yaron ya manna wa kowanne takarda da salatif. Na aiki ya rubuta masa Hassan, na yara Usaini. Da safe Hassan ke ciki. Da magariba a cire shi a kulle a durowa, a sa Usaini. Yara su yi abin da suka ga dama. Cuta ba ta tsallakawa zuwa faifan da ke kwance a durowa, domin ba waya tsakaninsu.

Kada ka ɗauki cutar nan da wasa. A watan Mayu na 2017 wata mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe sama da 150. Kulle takardun mutum take yi, ta ce sai ya biya dala 300. Har asibitoci a Ingila sai da suka mayar da marasa lafiya gida. Faifan da yake a ajiye a lokacin, ba a jone ba, ba abin da ya same shi.

Amma shi kansa Hassan yana iya mutuwa. Faifai kan lalace ba sallama, musamman tsohon samfuri mai juyawa a ciki, wanda faɗuwa ɗaya kan gama da shi. Sabon samfurin da ake kira SSD ya fi sauri da jure jijjiga, amma shi ma yana da ranarsa. Don haka suka ƙaro na uku, kuma ka san sunan wanda ke bin tagwaye: Gambo. Duk ranar Juma'a kafin a tafi masallaci, sai a kwafe Hassan a kan Gambo, a rubuta kwanan wata a jikinsa, a tafi da shi gida. Shago na iya kamawa da wuta, ɓarawo na iya shiga. Ka lura, Gambo bai san abin da aka yi bayan Juma'a ba. Takardar da ka buga ranar Talata, sai dai ka ajiye ta a filashi na musamman wanda ba ya zuwa hannun kowa.

Wurin kwafi ne mutane suka fi yin kuka. Duk abin da ke kan faifan da za a kwafa a kansa gogewa zai yi. In ka juya su, ka kwafe fanko a kan mai kaya, shi ke nan, aikin shekaru ya tafi. Karanta sunan kowane faifai da girmansa sau biyu kafin ka danna. Mai karɓa kada ya gaza mai bayarwa girma: na gigabait 256 ba zai ɗauki na 512 ba, sai da dabarar gwani. In kuma kana zargin Hassan ya kamu, kada ka kwafe shi, domin har cutar za ta bi.

Wajen sauyawa, kashe kwamfutar ta mutu murus, ka zare waya daga soket, ka cire batir in mai ciruwa ne. Taɓa ƙarfe kafin ka taɓa faifan. Ka san tartsatsin nan da ke fita in ka tuɓe riga lokacin hunturu? Shi kaɗai ya isa ya ƙona shi. Kada ka jona tagwayen tare ka tayar da Windows. Lambar shaidarsu ɗaya ce, Windows na iya rikicewa, kuma ka buɗe wa cuta ƙofa.

A ganina dabarar nan ta fi dacewa da babbar kwamfuta ta tebur, wadda ake iya sa mata ɗan aljihu a gaba, faifai ya shiga ya fita kamar kaset. In sai ka kwance noti goma kullum, ba za ka yi mako ɗaya ba za ka gaji. Wasu ƙananan kwamfutocin ma a liƙe faifansu yake, ba ya ciruwa, sai ka tambaya kafin ka saya. In kuma kwamfutar ta ofis ce, nemi izini tukuna.

Da yaron zai tafi, kawun ya ce, "To, in aka sace Gambo fa? Sirrin mutane ne a ciki."

"Akwai kwaɗo, Kawu. Sunansa BitLocker, yana zuwa da wasu nau'o'in Windows. Zai ba ka mabuɗi mai lamba 48. Ka rubuta a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardun gida, ba a jikin faifan ba."